Daren da Na Kusa Binne Alƙalumanmu na Shekara Biyu

 Waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Kun saba ji na ina maganar kasafin kuɗi, katin zaɓe, da yadda matashi zai bi sawun aikin mazaɓa. To yau maganar kwamfuta zan yi. Kar ku gudu tukuna, don Allah. Ni ma kimiyyar siyasa na karanta a jami'a, ban taɓa shiga ajin kwamfuta ba sai na dole da ake yi a shekarar farko. Abin da zan faɗa muku a jikina na koye shi, cikin dare, ina zufa.

Ƙungiyarmu tana da ɗan shafin intanet da muke fassara takardun gwamnati zuwa Hausa mai sauƙi. Akwai bayanin kasafi, akwai yadda ake sauya rumfar zaɓe, akwai kuma wani sashe da ke nuna wa mace inda za ta kai ƙara idan an ci zarafinta. Duk mai irin wannan aiki yana son ya san ko ana karantawa. Mutum nawa suka shigo? Wane rubutu suka tsaya a kai? Da waya ko da kwamfuta? Manhajar da ke ƙirga wannan ita nake kira manhajar ƙididdigar baƙi.

Da can Google Analytics muke amfani da shi kamar kowa. Sai Google ya dakatar da tsohon tsarinsa, wanda ake kira Universal Analytics, ranar 1 ga Yuli, 2023, ya ce kowa ya koma sabo. A watan Yunin wannan shekarar kuma aka sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya. Kafin nan, a farkon 2022, hukumomin kare bayanai na Ostiriya da Faransa sun yanke cewa yadda wasu shafuka ke amfani da Google Analytics ya saɓa wa dokar Turai, saboda bayanan masu karatu na tsallakawa Amurka. Muka zauna muka ce, yarinyar da ta buɗe shafin kai ƙara da ƙarfe biyun dare, ta yarda da mu ne ta shigo. Bai kamata sawunta ya tafi hannun da ba mu da iko da shi ba.

Shi ne muka zaɓi Matomo. Manhaja ce kyauta da kowa zai iya ganin yadda aka rubuta ta. Wani Bafaranshe, Matthieu Aubry, ya fara ta a 2007 da sunan Piwik, aka sauya mata suna a farkon 2018. Da harshen PHP aka rubuta ta, tana ajiye bayananta a rumbun MySQL ko MariaDB. Kai za ka ɗora ta a sabarka, wato kwamfutar da ka kama haya wadda ba ta barci. Bayanan na hannunka. Abin da ba a cika faɗa maka ba shi ne, wahalar ma na hannunka.

Bari in fara da ranar girkawa, don nan mutane da yawa ke karaya.

Wani abokina da muka yi hidimar ƙasa tare, shi kwamfuta ya karanta, shi ya shirya mana sabar. Ya ce sauran aikin ni zan yi, don in koya. Na sauke Matomo a kwamfutata, na warware ƙunshin, na fara tura fayilolin ɗaya bayan ɗaya ta FTP. Fayiloli ne dubbai, netwok kuma kun san halinsa. Da na buɗe shafin girkawa sai ya ce binciken ingancin fayiloli bai wuce ba, wasu sun ɓace, wasu girmansu bai yi daidai ba. Dalili biyu ne ke kawo haka. Ko netwok ya yanke wasu ba su isa ba, ko kuma manhajar turawar ta ɗauke su a matsayin rubutu ta taɓa cikinsu, maimakon ta tura su yadda suke. Maganin mai sauƙi ne: ka tura ƙunshin zip ɗin a dunƙule, ka warware shi a can cikin sabar. Minti biyu ya ɗauka, bayan na ɓata rabin yini.

Na biyu, ta ce ba ta iya rubutu a cikin foldar tmp da ta config ba. Wannan maganar izini ce. A saba kowane fayil yana da mai shi. Ni na tura su, don haka da sunana suke, ita kuwa manhajar tana aiki ne da wani suna, a sabarmu www-data. Kamar ka ɗauki mai gadi ne ka kulle ɗakinsa ka tafi da makullin. Wani ya ce mini in sa izinin 777 kawai a wuce wurin. Kar ku yi, 'yan'uwa. Ma'anar 777 ita ce kowa da kowa a cikin sabar zai iya karantawa, ya rubuta, ya gudanar. Abin da ya dace shi ne ka mayar da mallakar foldar ga www-data, ka bar izinin a 755. Abin daɗi ma, ita Matomo da kanta tana rubuto maka umarnin da za ka buga a ƙasan saƙon. Ni ban gani ba, don da na hango jan rubutu sai idona ya rufe.

Na uku, rumbun bayanai. A nan akwai lambobi uku da nake so ku riƙe. Idan kun ga 2002, manhajar ba ta ma isa ƙofar rumbun ba. Ko rumbun a kashe yake, ko adireshin da ka ba ta ba daidai ba ne, wani lokaci sauya localhost zuwa 127.0.0.1 kaɗai ke warware shi. Idan kun ga 1045, ta isa ƙofa amma an ƙi sunanta ko kalmar sirrinta. Idan kun ga 1044, an san ta, an karɓi kalmar sirrin, amma ba a ba ta izinin shiga wannan rumbun ba. Ni 1045 na fara samu, ashe wurin kwafo kalmar sirri na haɗo da fili ɗaya a ƙarshe wanda ido ba ya gani. Na gyara, sai ga 1044, na manta ban ba ta izini ba. Kun ga lambar ta canza ko? Idan saƙon kuskure ya canza, ka ci gaba ke nan, ko da bai yi kama da ci gaba ba.

Aka gama girkawa, komai ya tafi daidai kusan shekara biyu. Matomo 5 ya fito a Disambar 2023. Kullum na shiga sai in ga sanarwa a sama cewa akwai sabon zubi. Kullum sai in ce gobe. Wata da watanni ina cewa gobe.

Sai wata Laraba. Ranar Litinin za mu miƙa rahoto ga masu tallafa mana, kuma a kan wannan rahoton za su duba ko za su ci gaba da mu. Kuɗin hayar ofis, alawus ɗin masu fassara su uku, duk a kansa suke. Wajen sha ɗayan dare na zauna zan ciro alƙaluma. Na sake ganin sanarwar nan. Na ce bari dai in danna, ai minti biyar ne, in huta da ganinta.

Na danna. Ta sauke sababbin fayiloli lafiya lau. Sai ta ce ana bukatar sabunta rumbun bayanai, in danna ci gaba. Na danna. Abu ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa. Can sai ga farin shafi da rubutu ƙwaya ɗaya: 504 Gateway Time-out.

Me na yi? Na sake lodawa. Na sake. Na sake, ya kai sau goma. Da na ga ba ta motsi, sai na yi abin da muke yi wa waya idan ta tsaya, na shiga na kashe sabar gaba ɗaya na sake kunna ta. Da ta tashi, babu alƙaluma, babu komai, sai shafin da ke cewa a sabunta rumbu. A nan na tuna ban ɗauki kwafin ajiya ba. Ko sau ɗaya a shekara biyu. Masu ba mu hayar sabar suna da tsarin ɗaukar kwafi kai tsaye, amma da ƙarin kuɗi, kuma ni da bakina na ce a taro mu bar shi mu rage kashe kuɗi. Da na sani ƙeya ce, wallahi.

Ƙarfe ɗaya saura na kira abokin nan nawa. Ya ɗauka da muryar barci.

Na ce, "Mutumina, na kashe mu. Komai ya tafi."

Ya ce, "Me ya tafi? Ka gani da idonka an goge?"

Na ce, "A'a, amma ba ya buɗewa."

Ya ce, "To rashin buɗewa daban, gogewa daban. Ɗauke hannunka daga kwamfutar nan tukuna. Me kundin kurakurai ya ce?"

Na yi shiru. Ban ma buɗe shi ba.

Ga abin da ya fahimtar da ni a daren. Duk baƙon da ya shigo shafinmu, Matomo tana rubuta layi ɗaya a wani tebur mai suna log_visit, duk shafin da ya buɗe kuma ta rubuta a wani teburin. A shekara biyu waɗannan tebura sun yi ƙiba. Babban sabuntawa yakan taɓa ginin irin waɗannan tebura, kuma gyara babban tebur a ƙaramar saba yana cin lokaci. Ita kuwa manhajar nginx da ke tsaye tsakanin burauza da PHP, in ba a canza mata ba, daƙiƙa 60 take jira. Ta jira ba ta ji amsa ba, ta ce 504. Wato cewa ta yi na gaji da jira. Ba ta ce aikin ya lalace ba. Mai yiwuwa a lokacin MySQL yana can yana aikinsa a hankali, da na buga SHOW PROCESSLIST da na gan shi. Lodawar da na yi ta yi ƙara masa layi kawai ta yi. Kashe sabar da na yi kuwa shi ne ya katse aikin a tsakiya. Sai muka wayi gari da sababbin fayiloli a kan tsohon rumbu. Muka duba teburin option, inda ake rubuta lambar zubin da rumbu yake kai, layin version_core, muka ga har yanzu 4 yake nunawa. Muka ƙirga layukan log_visit, suna nan. Sai a lokacin na ji numfashina ya dawo.

Ya ce mataki na farko, mu ɗauki kwafi. Na ce kwafin abin da ya lalace? Ya ce ƙwarai, don in muka ƙara ɓata shi mu samu inda za mu dawo. Muka yi amfani da mysqldump muka zuba rumbun duka a fayil ɗaya, muka kwafi fayil ɗin config.ini.php, wanda shi ke riƙe da saitin komai.

Mataki na biyu, mu rufe shago. A cikin config.ini.php, ƙarƙashin sashen General, muka sa:

maintenance_mode = 1

Ƙarƙashin sashen Tracker kuma muka sa:

record_statistics = 0

Na farko yana hana kowa shiga ya taɓa wani abu. Na biyu yana hana a ci gaba da rubuta sababbin baƙi a teburin da ake gyarawa. Ku riƙe na biyun nan, zai dawo a labarin.

Mataki na uku, mu bar burauza mu koma baƙin allo, inda ake buga umarni kai tsaye. A can babu mai ƙirga maka daƙiƙa 60. Umarnin shi ne console core:update. Na buga, sai ta ce PHP ɗina ya tsufa, tana bukatar aƙalla 7.2.5. Na ce ikon Allah, ai shafinmu a kan 8.1 yake gudana! Ashe PHP biyu ne a sabar. Wanda shafin ke amfani da shi daban, wanda baƙin allo ke kira idan ka rubuta php kawai daban, wani tsohon 7.0 ne da ya rage. Buga php -v kaɗai ya nuna mana. Muka kira sabon da cikakken sunansa, kuma da sunan www-data muka gudanar, domin in ka gudanar da sunan babban mai saba, fayilolin da za ta ƙirƙira za su zama nasa, ka koma matsalar izinin nan ta farko:

sudo -u www-data php8.1 console core:update

Abin da ya burge ni, ba ta fara aiki kai tsaye ba. Sai da ta jero duk canjin da za ta yi wa rumbun, ta tambaya ko a ci gaba. Muka karanta, muka ce e.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan 'yan mintuna ta tsaya da wani saƙon: Errcode 28, No space left on device. Wuri ya ƙare a faifan sabar. Muka buga df -h, ya nuna a cike maƙil. Kun san me ya cinye wurin? Kwafin da muka ɗauka yanzun nan. Shi kuma MySQL idan zai gyara babban tebur yana bukatar filin wucin gadi da zai yi shimfiɗa. Nan da nan na ce bari in goge tsofaffin kundayen nginx, ai tarkace ne. Ya ce, "Kar ka kuskura. Ba a goge shaida ana tsakiyar shari'a." Maimakon haka muka matse kwafin da gzip, na sauke shi a kwamfutata, na buɗe na tabbatar ya sauka har ƙarshe, sannan muka cire na kan sabar.

Kafin mu sake gwadawa ya sa na buɗe wata manhaja mai suna screen. Amfaninta, ko netwok ɗinka ya yanke, ko an ɗauke wuta, aikin zai ci gaba a can cikin sabar, ka dawo ka tarar da shi. Kuma wallahi an ɗauke wutar, wajen ƙarfe uku. Na kunna datar waya, na koma, na tarar ta gama. Muka cire maintenance_mode, na shiga, ga alƙalumanmu nan tun daga Yulin 2023. Na yi masa godiya har ya ce in bar shi ya yi barci.

Ku a tunaninku an gama ko? Tsugune ba ta ƙare ba, kuma sauran ukun duk ni na jawo.

Washegari na lura wata 'yar ƙarin manhaja da muka ɗora, wadda ke gyara mana fasalin rahoto, an kashe ta. Matomo ce ta kashe ta da gangan, domin a cikin fayil ɗinta na plugin.json an rubuta cewa da zubi na 4 kaɗai take aiki. Ni kuma mai wayo, na buɗe fayil ɗin na canza lambar, na kunna ta da ƙarfi. Shafi ya faɗi nan take, kuskure mai lamba 500. Amma wannan karon ban kira kowa ba. Na buɗe kundin kurakurai, na je layin ƙarshe, na ga sunan foldar wannan ƙarin manhajar ƙuru-ƙuru. Na shiga config.ini.php na cire layin da ke kunna ta, shafi ya dawo. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. In an kashe maka abu lokacin sabuntawa, ka jira mai shi ya fitar da wanda ya dace.

Na biyu, da na nemi rahoton shekara guda cur, sai ta daɗe tana juyawa ta ce an samu matsala. Kundi ya ce: Allowed memory size of 134217728 bytes exhausted. Lambar ta ba ni tsoro, amma in ka raba ta da 1024 sau biyu, 128 za ka samu. Megabait 128 ke nan, iyakar ƙwaƙwalwar da aka yanka wa PHP. Asalin matsalar kuwa, Matomo ba ta nuna maka ɗanyen bayani, sai ta tattara ta dafa shi ya zama rahoto. Mu tun farko mun bar ta tana wannan girkin ne a daidai lokacin da mutum ya buɗe rahoto a burauza. Ga ƙaramin shafi ba laifi. In bayanai suka yi yawa, sai ka sa agogon saba, wanda ake kira cron, ya riƙa gudanar da console core:archive duk awa, ka je saiti ka kashe tattarawa ta burauza. Mun ƙara ƙwaƙwalwar kaɗan, amma agogon ne ya warkar da ciwon.

Na uku shi ne abin kunyar. Ranar Asabar ƙanwarmu da ke kula da rubuce-rubuce ta kira ni. Ta ce, "Yaya, wai tun Alhamis babu wanda ya shiga shafinmu? Ni kaina na shiga ya fi sau biyar." Na duba, sifili. Gabana ya faɗi. Sai na tuna: record_statistics. Na buɗe ƙofar shago na manta ban dawo da mai rubuta sunan baƙi ba. Kwana biyu da rabi babu ƙirge.

Kun tuna kundayen nginx da na so in goge? Su suka cece mu. Duk buƙatar da ta iso sabar, nginx yana rubuta ta a kundinsa, ko Matomo ta karɓa ko ba ta karɓa ba, kuma a irin sabarmu kwana 14 yake ajiyewa kafin ya zubar. Matomo tana da wani ɗan kayan aiki, import_logs.py, wanda in ka haɗa shi da zaɓin replay-tracking zai karanta kundin ya sake shigar da ziyarce-ziyarcen kamar yanzu suke faruwa. Muka ware na waɗannan kwanakin kaɗai don kar a ƙirga wani sau biyu, muka shigar, muka sake tattarawa. Mafi yawansu sun dawo. Ranar Litinin rahoto ya tafi.

To jama'a, me ya sa na kwashe wannan lokaci ina ba ku labarin lambobi?

Saboda mu matasa masu fafutuka mun iya cewa bayananmu su zauna a hannunmu, kuma gaskiya ne, ina nan a kan bakana. Mun ga an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mun san abin da ake ji idan duk aikinka yana gidan wani. Amma ni da ke wannan ikirari, ni ne na bar manhaja fiye da shekara ban sabunta ba. Sabuntawa ba ado ba ne kawai, a ciki ake toshe ɓarakar tsaro. Duk watannin da nake cewa gobe, sawun yarinyar nan da na ce ina karewa yana zaune ne a gidan da ban duba katangarsa ba. Wannan ya fi rahoton damuna, har yau.

Ga abin da muka canza, ko zai amfani wata ƙungiyar.

Kwafin ajiya yanzu kullum dare ake ɗauka, kuma ba a cikin sabar yake kwana ba. Sau ɗaya a wata uku muna gwada mayar da shi a wata kwamfutar, domin kwafin da ba ka taɓa gwadawa ba, zato kawai kake yi kana da shi. Ba ma sabuntawa da dare, ba ma yi ana saura kwana kaɗan a miƙa wani aiki. Kafin a taɓa komai sai an duba abu uku: zubin PHP, filin da ya rage a faifai, da ko ƙarin manhajojinmu sun dace da sabon zubi. Babban sabuntawa ta baƙin allo ake yi. Duk abin da aka kashe ana rubuta shi a takarda, da biro, a soke shi bayan an kunna. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, sannan a taɓa na gaba, in ba haka ba ko ya gyaru ba za ka san me ya gyara shi ba.

Mun kuma rage abin da muke tarawa. Matomo tana iya rufe ƙarshen adireshin intanet na baƙo, mun tabbatar wannan a kunne yake. Tana iya goge ɗanyen bayanin ziyara bayan wani lokaci ta bar rahoton da aka tattara, mun kunna shi ma. Teburan sun rage nauyi, kuma abin da ba ka ajiye ba babu mai sace shi ko ya tilasta maka ka miƙa.

Idan za ka nemi taimakon wani, kar ka ce masa abu ya ƙi yi kawai. Ba shi ainihin saƙon kuskuren harafi da harafi, zubin Matomo, na PHP, na rumbu, da abu na ƙarshe da ka taɓa. Umarnin console diagnostics:run zai jero maka lafiyar sabar a wuri ɗaya. Amma don Allah kafin ka tura hoton allo ka duba da kyau. A cikin config.ini.php akwai kalmar sirrin rumbunku a fili, akwai wani layi mai suna salt, a wasu adiresoshin kuma akwai token_auth, wanda makulli ne sukutum. Na ga mutane sun watsa waɗannan a zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu suna neman agaji.

Abu na ƙarshe, kuma zan faɗa ko da wasu ba za su ji daɗi ba. Ba kowace ƙungiya ce ya kamata ta riƙe sabarta ba. In babu aƙalla mutum biyu a cikinku da za su iya shiga, su karanta kundi, su mayar da kwafi, to ku yi wa kanku adalci. Ko ku biya a riƙe muku, su masu Matomo ɗin ma suna da wannan tsarin, ko ku haƙura da ƙirga baƙi har sai kun shirya. A wurinmu da ni kaɗai ne ke da kalmar sirri. Da wani abu ya same ni a hanya, shi ke nan. Yanzu ƙanwar nan tamu da ta gano sifilin, ita ta yi sabuntawar da ta biyo baya da hannunta, ina zaune a gefe ban taɓa komai ba. Harshen Hausa ta karanta. Da jan rubutu ya fito mata, ba ta firgita ba, ta matso da fuskarta ta karanta shi a bayyane, ta ce, "Yaya, ai cewa ya yi ba shi da izinin rubutu a tmp." Ta gyara cikin minti uku. Ni rabin yini irin wannan ya taɓa ci mini.

Wanda ke da ƙaramar ƙungiya kuma yana fama da irin wannan, ya turo mana saƙon kuskurensa, bayan ya rufe sirrinsa, za mu zaɓi wasu mu warware su tare a wani shirin. Mako mai zuwa za mu koma fagenmu, maganar yadda ake karanta kasafin ƙaramar hukuma. Kafin nan, duk wanda ke riƙe da shafin wata ƙungiya, yau ɗin nan kafin ka kwanta, je ka ɗauki kwafi.